Wanda Ya Kira Inna da Sunan Yanka

Daddawar Inna ta yi suna tun kafin a haife ni. Ranar kasuwar Tsanyawa ba ta kaiwa azahar a faifai. Da ƙanwata ta gamo karatu a birni, sai ta ce wannan daddawa ta fi ƙarfin ƙauye, ta buɗe mata shafi a intanet, da hotuna da komai. Inna ta ce to, kamar yadda take cewa ga duk abin da ba ta gane ba.

Ba a jima ba, wata rana da hantsi tana wankin kalwa, wayarta ta yi ƙara. Wani namiji mai baƙuwar murya ya kira ta da sunanta na yanka, har da na mahaifinta. Inna ba ta ce uffan ba. Ta kashe wayar, ta naɗe ta a tsumma, ta jefa cikin kwalla ta rufe.

A wajenmu, in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, ba ka amsawa. Da haka aka raine mu, wai ta suna maye yake kama kurwa. Sunan Inna kuwa ba mai faɗarsa. Mu Inna muke cewa, mutanen gari Mai Daddawa. Ni kaina sai da na yi gemu na fara ganinsa, a katin zaɓenta.

Matsalar ita ce babban wanmu, direba ne a kudu, kuma duk Juma'a ta wannan wayar suke gaisawa. Ɗan fari ne, ba za ta taɓa cewa tana kewarsa ba, amma na ga yadda take satar kallon kwallar bayan an sauko daga masallaci. Na miƙa mata wayata, ta ce, "Ɗauke min, duk jirgi ɗaya ya kwaso su."

Ni abin da ya hana ni sukuni shi ne ta ina sunan ya bi. A shafin babu shi, na duba sama da ƙasa. Na tsare ƙanwata da tambaya har ta tuna: kafin a ba ka sunan shafi, sai an yi rajistar mai shi, kamar yadda ake shaida wa dagaci mai gona. Ita kuwa ta ga sana'ar Inna ce, sai ta sa sunan Inna da lambar wayarta. Da aka nemi adireshi, tunda layukanmu ba su da suna, baiwar Allah ta rubuta yadda muke yi wa baƙo kwatance: bayan masallacin Juma'a, gida mai tsamiya a ƙofa.

Ta nuna min inda kowa a duniya zai rubuta sunan shafi ya ga mai shi. Ga Inna nan ɓaro-ɓaro, har da tsamiyarmu! Na yi ta gwada shafukan mutane ina leƙe kamar mai zagaya gidan biki. Yawancinsu a rufe suke, sunan wani kamfani kawai ake gani a madadinsu. Ashe ƙanwata ma an tambaye ta ko tana so a ɓoye sunan, ta ɗauka 'yan damfara ne kaɗai suke ɓuya. Mai kiran nan kuwa, da alama irin masu bin sababbin rajista ne suna tallan gyaran shafi.

Na yi wa Inna bayani iya ƙoƙarina. Na ce yanzu za a sa wani a gaba, mai nema ya tsaya wurinsa, shi ya kawo saƙo.

"Au, zaure," in ji ta. "Ashe gida kuka gina min babu zaure, kowane ƙato ya faɗo har tsakar gida."

Ƙanwata ta gyara a ranar, muka sake dubawa, sunan ya ɓace. Amma na faɗa wa Inna gaskiya, wanda ya riga ya kwafa ya kwafa, wataƙila a sake kira. Ta jawo kwallar gabanta. Sannan ta buɗe, ta warware tsumman, ta ba ni wayar in kunna, don washegari Juma'a ce.

Ina kunnawa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka san abin da ya tsorata ni? Ba muryarsa ba ce. Saura kaɗan in ce na'am. Tun ranar da aka binne mahaifiyata ba wanda ya kira ni da sunan nan."

Tausayinta ya kama ni. Na san sunan, yana bakina, amma ni ɗanta ne, ba ni da halin faɗarsa.