Jitar da Asama'u Ta Goya

Modibbo ba malami ba ne. Sunan kakansa ya ci. Kakan ne ya yi karatu, shi kuwa iyakarsa abin da zai yi salla. Makiyayi ne a wata ruga da ke gefen Gayam, dogo, siriri, ya ba shekara sittin baya. Ba shi da shanu da yawa, ba shi da murya mai daɗi. Abin da yake da shi wata 'yar jita ce, wadda cikinta bai fi ƙaramar ƙwarya ba.

Shekara talatin ke nan tana hannunsa. Wata kaka ce ya sauke shanunsa a gonar wani Bagwari mai suna Auta don su zuba masa taki. Kullum ya je gaisuwa sai idonsa ya tsaya a kan jitar da ke rataye a bangon zaure. Ranar da zai tashi, Auta ya auna masa dawa kamar yadda aka saba, sannan ya ciro jitar ya ce, "Ɗauki, Bafillace, tun idonka bai huda ta ba." Daga nan suka zama aminai.

Modibbo ya taɓa kaɗa garaya yana saurayi, don haka yatsunsa ba su sha wuya ba. Jitar ta dace da kiwo kamar don shi aka sassaƙa ta. Yana rataya ta tare da gorar ruwa ya kutsa sarƙaƙiya, ƙaya ba ta kama ta. Ruwa ya tsuge, ya cusa ta cikin riga. Yana tafe yana kaɗawa, sanda a hammata. In tsirkiya ta tsinke, wayar birkin keke ta wadatar. Sautinta siriri ne mai kaifi, yana ratsa daji fiye da ihun ƙato. Da la'asar sakaliya yakan kaɗa wani gajeren sauti, ya yi ta maimaita shi, shanu kuwa duk inda suke sai su ɗago kai su nufo shi. Ba asiri ba ne, sabo ne. Ko a shekarun da daji ya ɓaci, jama'a suka daina walwala, shi rage sauti kawai ya yi.

Bara da Babbar Salla ɗansa na fari, Abdulƙarim, wanda ke tuƙin babbar mota a Kaduna, ya zo da wani dogon akwati. Ya buɗe shi gaban 'yan ruga, sai ga jita ƙatuwa, ja, tana ƙyalli, cikinta kamar randa.

"Baffa," ya ce yana durƙushe, "dattijo kamarka bai kamata ya riƙa yawo da abin wasan yara ba. Ga wadda ta dace da kai."

To, ɗan fari ne. A gidan Fulani uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, balle ya ce masa kyautarsa ba ta yi ba. Uwa ma ta fi uban kunya. Modibbo ya dubi gefe ya ce, "Madalla." Matarsa Asama'u ta ɗauke ƙaramar ta tura bayan jeren ƙoranta, don kada yaron ya ga kamar an raina abin hannunsa.

Kwana uku Modibbo yana fita da randar nan a bayansa. Ƙaya ta kama, reshe ya make, igiya ta ci masa kafaɗa. In ya zauna kaɗawa, hannunsa da ƙyar yake zagaye cikinta, tsirkiyoyin sun yi wa yatsunsa tauri. Sautin la'asar ya fito da kauri, dum-dum, kamar ana daka a ƙauyen gaba. Shanu suka dube shi suka ci gaba da cin ciyawa. Sai da sanda da ihu ya tattaro su.

Rana ta uku da aka dawo, aka duba babu Ɓaleye. Ita ce baƙar saniyar Asama'u, jikar saniyar sadakinta, ga ciki ya tsufa. Saniya mai naƙuda takan shige duhuwa ta yi shiru, dajin kuwa ya miƙe har Kamuku. Akwai kura, akwai kuma masu ƙafa biyu da suka fi kura.

Da sassafe maza suka bazu. Auta ma ya zo da addarsa, da furfurarsa, da bakinsa. Modibbo ya tsaya bakin rafi ya yi ta dukan ƙatuwar jita har rana ta take. Ko motsin ganye.

"Wannan ai ko ni ba zan zo ba," in ji Auta. "Ina tawa da na ba ka?"

Modibbo ya saci kallon inda Abdulƙarim ke sare ciyayi, ya ci gaba da dukan ƙatuwar.

Asama'u fa ba ta zauna ba. Tana son fito da ƙaramar, ba ta son a gani a kai wa ɗanta labari. Sai ta ɗora ta a baya, ta ja zane ta ɗaure, ta rufa mayafi, ta kama hanya. Matan ruga suka bi ta da ido.

"Inna Asama'u, yaushe aka haihu ba mu ji guɗa ba?"

"Jiya. Ku zo suna da tuwonku."

Ta tarar da mijinta zaune a gindin maɗaci, ya haɗa kai da gwiwa. Ta kwance goyo ta miƙa masa.

"Kai, ungo. Kunya ba ta ba ni nono. In saniyata ta mutu, kai da randarka za ku kwana a waje."

Modibbo ya karɓa, ya murɗa kunnuwanta, ya goga ta a riga. Yana taɓa tsirkiya ta farko fuskarsa ta saki. Ya miƙe, ya bi gefen rafi yana tafe yana kaɗa sautin la'asar, ko da yake tsakar rana ce. Sau ɗaya, sau biyar, sau goma. Can daga wata duhuwa ta gabas sai aka ji kukan saniya, dogo. Ya ƙara kaɗawa, ta ƙara amsawa. Suka bi kukan, Auta na gaba yana sara. Ga Ɓaleye tsaye, ƙaho ya sarƙe a kurangar daji, ga maraƙi a ƙarƙashinta yana tangaɗi yana neman nono. Mace ce.

Asama'u ta rangaɗa guɗa irin wadda ba ta yi ba tun auren autarta. Guɗar ce ta kawo Abdulƙarim a guje. Ya ga saniya, ya ga ƙaramar jita a ƙirjin ubansa, ya ga ƙatuwar yashe a ciyawa. Uba ya dubi sama, uwa ta dubi ƙasa. Auta ne ba ya jin kunyar kowa.

"Ɗana, zo in gaya maka abin da mutanen nan ba za su faɗa ba har su mutu. Jitarka kyakkyawa ce, amma ta zaman kujera ce. Saura kaɗan ta ci saniyar uwarka."

Abdulƙarim ya riƙe baki, sannan dariya ta ƙwace masa. "Baffa, kwana uku kana ɗauke da ita? Me ya hana ka faɗa?"

Modibbo ya juya wajen Auta. "Gaya wa yaron nan an gode. Ka ce masa kuma ya saɓa maraƙar, shi ne mai ƙarfi."

Haka suka koma: Modibbo a gaba yana kaɗawa, Ɓaleye a bayansa, direban Kaduna da maraƙa a wuya, Asama'u ta yafa zanen goyonta a kafaɗa. Ƙatuwar jita Auta ne ya ɗauko, bai kuma mayar ba. Ya ce shi yanzu mai zaman kujera ne. Tana zaurensa, a ƙusar da ƙaramar ta bari.