Sunan Pambeguwa da Nauyin Tsaraba

Kawo, kafin gari ya waye

Na fitar da motar mahaifina daga gidanmu na Kawo bayan sallar asuba, na nufi Unguwar Shanu domin ɗaukar yayarsa, Gwaggo Asabe. 'Yarta ce ta haihu a wani ƙauye gaba da Pambeguwa, ranar ce suna, ni kuma aka ɗora wa kai ta da dawo da ita. Tun daren jiya na goge gilashin gaba ciki da waje, na wanke fuskar fitilun, domin gilashi mai datti yana watsa hasken motar da ke tahowa ya kashe wa direba ido.

Gwaggo ta shige gidan baya, inda ta saba zama. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta faɗar sunana.

"Abba, ka tafi da ni a hankali. Jika zan gani, ba lahira ba."

Mararrabar Jos zuwa Pambeguwa

Mun wuce Rigacikun gari na yin haske. A Mararrabar Jos muka tsaya muka karya da koko da ƙosai, sannan muka karkata gabas. Daga nan titin ya zama falle ɗaya, mai zuwa da mai dawowa kafaɗa da kafaɗa. Mun ratsa shingayen jami'an tsaro, biyu ko uku, ba na son in faɗi adadin da ban tabbatar ba. A kowanne an leƙa, an gaida Gwaggo, an ce mu sauka lafiya. Da hantsi muka isa ƙauyen.

A gidan suna

An raɗa wa yarinya Maryam. Na ci tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya a zaure tare da maza. Niyyata mu kama hanya da la'asar, amma sallamar Gwaggo da dangin surukinta ta ci lokacin. Ana cikin haka samari suka buɗe but ɗin motar suka fara lodi: buhun masara biyu, buhun dawa, doya, har da dami na rake da aka cusa ta gefen Gwaggo. Na matsa kusa da ita na ce kayan sun yi yawa.

"Rufe bakinka," ta ce ƙasa-ƙasa. "A gaban surukai za ka ce a rage? So kake a ce mun raina?"

Na bar su suka gama lodi. Na lura bayan motar ya zauna, amma tunanina a kan tayoyi ya tsaya. Sai bayan mun yi magariba muka tashi.

Tsakanin ƙauyen da Pambeguwa

Duhu na shiga, duk motar da ta taho sai ta ƙyafta mini wuta. A wannan hanya ma'anar haka ɗaya ce: rage fitilarka. Na duba, a ƙaramar wuta nake. Ta biyu ta ƙyafta, ta uku ta sakar mini babbar wutarta gaba ɗaya. Sai na yi abin da na sha ganin direbobi suna yi, na ɗaga tawa babbar na ɗan lokaci domin in nuna musu cewa dā can a rage take. Na yi haka ba sau ɗaya ba, ina jin ni ne mai gaskiya.

A wata kwana babur ya taho, mutum da mace a bayansa. Na ga ya ɗaga hannun hagu ya kare fuskarsa. Babur ɗin ya yi tangaɗi, ya bar kwalta, ya faɗa kwari. Gwaggo ta yi salati da ƙarfi.

Na tsaya na ruga. Mutumin, wanda daga baya ya ce sunansa Malam Sa'idu, ya riga ya miƙe yana ɗaga matarsa. Ita tana zaune a cikin ciyawa, ta riƙe wuyan hannunta na dama da na hagu, ba ta kuka, sai numfashi sama-sama.

"Malam, ai ka ji tausayin na ƙasa da kai," in ji shi, ba tare da ɗaga murya ba. "Wutarka a cikin idona take."

Ina jin nauyin rubuta amsata, amma ga ta yadda na faɗe ta: "Wallahi a rage take." Matarsa na zaune da hannu a kumbure, ni ina kare kaina.

Bai yi musu ba. Ni da kaina na juya na dubi motar daga inda muke. Ban iya buɗe ido ba. Hasken bai taɓa kwaltar da ke gabanta ba, ya miƙe daidai fuskar mutum, har yana haska rassan bishiyoyi. Nauyi ya danne bayan motar, hancinta ya ɗaga, ƙaramar wuta ta koma babba. Duk waɗanda suka ƙyafta mini gaskiya suka faɗa, ni kuwa na saka musu da ƙari.

Gwaggo ta duƙa tana shafa hannun matar. "Da me kike sana'a, 'yar nan?"

"Ƙosai, Inna," ta amsa. "Da wannan hannun nake bugu."

Malam Sa'idu ya kama mini muka mayar da buhu ɗaya kujerar gaba, muka ja doyar zuwa tsakiya. Gwaggo ta shiga mazauninta na baya, na koma gaban motar na duba. Hasken ya sauko, amma bai isa ba. Na tsaya ina neman yadda zan faɗa.

"Wato ni ce nauyin?" in ji Gwaggo. "Faɗi mana, ɗan boko." Matar ta yi 'yar dariya duk da zafin da take ji. A ƙarshe buhun ya koma baya, Gwaggo ta dawo gaba, muka sauke wani buhun muka ɗaure a babur. Sai a sannan hasken ya kwanta a kan titi.

Fitilar babur ɗin ta fashe a faɗuwar. Matar ta shiga mota, mijin ya hau babur ya shige gaba, ni ina biye a hankali ina haska masa hanya har Pambeguwa. A wani ƙaramin asibiti aka ɗaure hannun, aka ce kumburi ya hana a gane ko karaya ce, sai da safe. Malam Sa'idu ya karɓi lambar wayata, ya ce suna da 'yan'uwa a garin, mu tafi kada dare ya yi mana. Gwaggo ta ce buhun ya zauna a wurinsu, kuma kada surukai su ji.

Komawa Kawo

Daga nan har Mararrabar Jos babu wanda ya ƙyafta mini. Duk motar da ta taho da wuta mai ƙarfi, na rage gudu na mayar da idona gefen titi na dama, ban rama ba. Na sauke Gwaggo, na isa gida, amma ban yi barcin kirki ba. Hannun nan nake ta gani.

Da hantsi Malam Sa'idu ya kira. Targaɗe ne, ba karaya ba. An ce ta huta mako biyu ko uku kafin ta koma kan kasko. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Haba Malam, mu ke da godiya. Wani da ko tsayawa ba zai yi ba. Maiɗakina ta ce a gaida Inna."

Na gode wa Allah da ya tsayar da abin a nan, na gode wa Gwaggo da mutanen ƙauye da suka karrama mu. Godiyar Malam Sa'idu ce kawai har yau na rasa inda zan ajiye ta.