Baƙon da Ya Saba da Bagaruwa

Hannuwan kakata Magaram baƙaƙe ne tun daga yatsu har wuyan hannu, irin baƙin da sabulu ba ya fitarwa. Mijinta majemi ne, kuma bayan rasuwarsa ita ta ci gaba da jiƙa bagaruwa tana jemar fatun awaki a bayan gida, a ƙauyenmu na ƙasar Falanko. Warin ruwan jima ya kama zanenta, ya kama tabarmarta, har furar da ta dama mana sai mu ji kamar da ɗan bauri a ciki. Amma in sanyi ya shigo, an gama kai hatsi rumbu, babu inda muke son zama kamar gindin murhunta.

Da an ci tuwo sai mu taru, ni da ƙannena mata da Haruna, ɗan goggona, taubashina kuma abokin faɗana. Karan hatsi take hura wuta da shi, ga saurin ci ga saurin mutuwa, don haka fuskarta takan bayyana ta ɓace tana cikin magana. Ni da Haruna takan kira mu mazajenta na banza, waɗanda ba su taɓa kawo mata ko goro ba. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta tona wutar da tsinke ta ce, "Ga wata ta iso bakin ƙofa. A buɗe mata?"

Mu ce, "A buɗe mata."

Ta ce, "To, in ta shigo, ku kuka kira ta."

Ta ba mu na dariya da yawa, na mance rabinsu. Wadda ta zauna mini ita ce ta Baƙo.

A wani gari, in ji ta, akwai wani abu da ba a faɗin sunansa, Baƙo kawai ake ce masa. Ba shi da ƙafa, ba shi da inuwa, kuma ba ta ƙofa yake shiga ba. Jira yake ƙaya ta soki mutum, ko lauje ya yanke shi, sai ya bi ta nan ya shige. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya fara wari, naman ya dinga zagwanyewa mai shi yana kallo. Wata mace mai suna Kande, ƴarta ɗaya tak, ƙaiƙayi ya sa yarinyar ta sosa ƙafa har ta fashe, Baƙo ya sauka a wurin.

Kande ta fita neman magani har ta kai wani busasshen tafki da rana tsaka, lokacin da mai hankali ba ya yawo a daji. Nan ta tarar da wata babbar bagaruwa, a gindinta wata tsohuwa tana wanke fata cikin kasko. Babu gida kusa, babu sawun kowa a ƙasa, har na tsohuwar. Hannuwanta baƙaƙe ƙirin.

In Kaka ta zo nan sai ta miƙa nata hannuwan saitin wuta kamar mai jin ɗumi. Ƙannena su matso jikina.

Tsohuwar ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Na san abin da ya kawo ki, warinsa ya riga ki isowa." Ta cika wa Kande ƙwarya da ƴaƴan bagaruwa, ta ce ta daka ta jiƙa, ruwan ya yi kauri kamar kunu, ta dinga wanke gyambon safe da yamma. "Kada ki tsinka shi, kuma kada ki daina don kin ga sauƙi. Sai ranar da ƙuda ya sauka a ƙafar ya tashi bai sami abin tsayawa ba. Na mutum ɗaya ne na ba ki."

Kande ta yi yadda aka ce. Kumburi ya fara saɓewa, yarinya ta fara barci. Labari ya bazu. Maƙwabciya ta zo da ɗanta a goye, hannunsa na ruwa. Wani tsoho ya zo yana jan ƙafa. Kande ta dubi ƙwarya, ta dubi mutane, ta kasa cewa a'a. Ta ƙara ruwa ta raba. Washegari wasu suka zo, ta sake ƙarawa, har maganin ya koma kamar ruwan wankin ƙwarya. Kuma kowa ya ji sauƙi. Gari ya yi ta sa mata albarka.

Wata rana da azahar, gari ya yi tsit, yarinyar na barci, Kande ta ji ƙus-ƙus kamar gara na cin zana. Ta duba zana, babu komai. Ta bi sautin har ta kai kunnenta kan tsumman da ta ɗaure ƙafar ƴarta. Muryoyi ne ƙanana, masu yawan gaske, suna hira a ƙarƙashinsa.

Kaka takan sirantar da murya a nan, har sai mun riƙe numfashi kafin mu ji.

"Da ɗaci," in ji ɗaya.

"Da ɗaci, amma ana shanyewa," in ji wata.

"Jiya ya kashe yayyena. Ni bai kashe ni ba."

"Ku kira yara su ɗanɗana, su saba tun yanzu."

Kafin wata ya mutu, gyambon kowa ya dawo, ya fi na da. Kande ta koma tafki a guje, ta roƙi wata ƙwaryar, ta yi alkawarin wannan karon mai kauri za ta dama. Tsohuwar na zaune inda ta bar ta, amma fatar da ke cikin kaskon ta ruɓe, ƙudaje sun rufe ta. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna wa Kande. Gyambo ne a tsakiyarsa, yana ruwa.

Ta ce, "Ko kin kwashe itacen nan duka, ba zai yi miki komai ba. Kin gabatar da ni gare su, yanzu sun san ni. Je ki nemi itacen da ba su taɓa ɗanɗana ba."

Kande ta shiga daji tana ɓantarar ɓawon kowane itace da haƙori, ko za ta dace da ɗacin da Baƙo bai sani ba. Ba ta koma gida ba, don ba ta iya komawa hannu sake. Kaka ta ce har yanzu tana can tana nema, kuma makiyaya kan ga itace da sawun haƙora daidai tsayin mace.

Haruna ya tambaya, "To yarinyar fa?"

"Tana jiran uwarta."

Ni kuwa abin da ya tsaya mini daban ne. Na ce, "Kaka, ai taimako ta yi. Da ta kori mai goyon nan fa?"

Ta ce, "Maigida, da ni ce ma da na ƙara ruwan." Ta tura sauran karan cikin murhu. "Tatsuniya dai na mayar da ita inda na ɗauko ta. Ku tashi, kowa ya duba ƙafarsa kafin ya kwanta."

Kuma mukan duba. Na yi shekaru in ƙaya ta soke ni sai na kai wurin kusa da kunne.

Kaka ta rasu ina kwaleji a Tanout. Karatu ya kai ni Damagaram, ya wuce da ni jami'a, na karanci ilimin sinadarai. Yau aikina a ɗakin bincike yake, labo kamar yadda muke cewa, kuma abin da nake nema shi ne sinadaran da ke cikin itatuwanmu masu kashe ƙwayoyin cuta. Mukan shanya ɓawo ko ganye a inuwa, mu niƙa, mu jiƙa cikin alkol, wato sinadarin barasa, mu tace, mu bar ruwan ya tsane har sai wani abu mai danƙo ya rage. Sai mu shafa ƙwayoyin cuta a kan ɗan faranti mai murfi wanda aka zuba wa abincinsu, mu ɗiga abin da muka tato a kan ƴar takarda, mu ɗora a tsakiya, mu ajiye a wuri mai ɗumi. Washegari ƙwayoyin sun rufe farantin kamar hazo. In itacen na da ƙarfi, za ka ga fili fes kewaye da takardar, inda suka kasa matsowa. Bagaruwa na buɗe fili, marke ma haka, sabara wani lokaci. Ba mamaki: abin da ke hana fata ruɓewa a kaskon majemi, shi ne ke takura musu a faranti.

Ban cika tuna tatsuniyar ba a wurin aiki, sai shekarar da aka kawo Haruna.

Shi bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Ya koma wajen Belbeji yana kiwon awaki da ƴan raƙuma. Da rani yana sassabe wa dabbobi reshe, gatari ya goce ya same shi a ƙwauri. Matarsa Mariyama ta sayo kafso a kasuwa wurin masu tebur. Ya sha, ya ji dama. A kwanakin ɗansu ya kwanta da zazzaɓi da tari, sai ta raba sauran tsakaninsu, uba ɗaya, ɗa ɗaya. Yaron ya tashi. Ciwon Haruna ya lafa, ya dawo, aka sayo wani kafson, ya lafa, ya sake dawowa. Lokacin da aka sauke shi a gidan likita a Damagaram, tun daga bakin ƙofar ɗakin na san abin da zan gani.

Ya rame, amma bakinsa na nan. Ya ce, "Lokotoron ganye, likitan itatuwa, ka zo ka ga Baƙon Kaka? Ga shi na kawo maka har gida."

Na yi dariya don ya ga na yi.

Likitoci suka ɗebi ruwan gyambon aka shuka a faranti, aka jera magungunan da ake da su. Wata abokiyar aikina ta kira ni in gani. Ƙwayoyin sun bi ta kan kusan kowace takarda sun wuce, ko ɗan fili babu. Da izinin Haruna na karɓi irin ƙwayoyin na kai labo, na gwada da bagaruwa. Washegari na ga fili, ba babba ba, amma fili ne. Na tsaya da farantin a hannu. Na san sarai abin da ya yi aiki a faranti bai zama magani ba tukuna. Ba mu san adadin da jiki zai ɗauka ba, ba mu san abin da zai yi wa hanta ko ƙoda ba, kuma ciwon ya riga ya kai ƙashi, inda wanki ba ya isa. Duk da haka na ajiye farantin, ina dawowa ina dubawa kamar mai jinya.

Bayan ƴan kwanaki, da rana tsaka, kowa ya fita cin abinci, na ɗaga shi saitin taga. Cikin filin nan mai tsabta, wasu ɗige-ɗige farare sun fito, ƙanana kamar ƙwan gara, sun doshi takardar. Na san bayaninsa. Mai yiwuwa ƙarfin abin ne ya ragu da kwana, mai yiwuwa kuma masu taurin cikinsu ne suka tsira suka hayayyafa. Ƙwayar cuta ba ta da baki, ba ta hira. Amma ɗakin ya yi shiru, firiji kaɗai ke gunji, kuma na lura na miƙar da hannuna, na nisanta farantin daga kaina.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Haruna ya rayu. Da ya farfaɗo ya tambaye ni ko na ga ƙwayoyin da idona, na ce na gani a madubin labo mai ƙara wa abu girma. Ya ce yaya suke. Na ce kamar ƴan ƙwallaye ne a cure wuri ɗaya. Ya ce, "Duk wannan aikin, ashe ko fuska ba su da ita."

Ranar da za a sallame su, Mariyama ta same ni a inuwar bango. Wani ya riga ya gaya mata cewa rabin magani ya fi rashinsa haɗari. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya Lawali, in haka ta sake faruwa, biyu na kwance, abin da ke hannuna na mutum ɗaya ne, wa zan ba?"

Na ce ta kai su likita dukansu, kada ta sake sayen na tebur.

Ta ce, "Daga rugarmu zuwa likita, amalanke sai ya wuni. Wa zai zauna da dabbobi, wa zai ɗauki na biyun?" Ta gyara lulluɓinta ta yi mini godiya.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga mai karya sharaɗi. Da na fara aiki na ɗauka Kaka ta hango abin da littattafanmu ke faɗi, har nakan ba ɗalibai labarin don su riƙe darasi. Yanzu ba na jin ta san ƙwayar cuta, kuma ba na jin darasi take koyarwa. Ta zauna a garin da magani kullum bai kai yawan masu ciwo ba, ta ga abin da ke biyo baya, ta faɗe shi yadda yara za su iya ɗauka. Sauran aikin namu ne: mu gano abin da ke cikin itatuwan nan, mu auna shi, mu tabbatar ba ya cutarwa, ya kuma wadatu yadda ba sai an tsinka ba. Aikin na tafiya a hankali, kuma ban san ko zan ga ƙarshensa ba.

Haruna ya koma Belbeji da sanduna biyu. Ɗansa ke fita da garke yanzu. In motar kasuwa za ta taso, yakan aiko mini da ƙullin ɓawo ko saiwa da ya karɓa wurin Buzaye da Fulani maƙwabtansa, tare da saƙon cewa in na yi arziki da su kada in manta wanda ya ba da ƙafa. Kowanne na tace, a kan irin da aka ɗebo daga jikinsa nake fara gwada shi. Ƙafar an binne ta tun ranar da aka yanke ta, a bayan gidan likita. Abin da ya cinye ta kuwa yana nan cikin ƴar kwalba a firijin labo, a daskare, da ransa. Duk lokacin da na ciro shi na ba shi ɗumi da abinci, kafin gari ya waye ya cika faranti.