Mun Je Tudun Wada Ganin Mai Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Zariya daga Kano, ni da wani abokina, a ƙaramar motata da ba ta son tudu. An kwana ana ruwa, titi ya wanku, gonakin shinkafar Kura sun yi kore shar har iya ganinka. Ni ne direba kuma ni ne mai surutu, domin mutumin nawa tun da ya shiga mota ya haɗe rai kamar wanda za a kai asibiti.

Bari in gaya muku abin da ya fito da mu. Abokina magidanci ne mai 'ya'ya, amma Allah ya jarabce shi da gem ɗin faɗa, irin wanda mutum biyu ke zama gaban talabijin kowa ya zaɓi mayaƙinsa a gwabza. A cikin mayaƙan akwai wani ƙato da 'yan gem suka laƙaba wa Basamude, wanda naushinsa ɗaya ke zubar da kusan rabin jinin abokin karawa. Akwai kuma wata 'yar tsohuwa mai sanda da suke kira Gwaggo, ba ƙarfi ba jiki. To, Gwaggon nan abokina ya riƙe shekara da shekaru, Basamude kuwa ko taɓa shi bai taɓa yi ba, wai mayaƙin ragwaye ne. Sakamakon haka kullum cin sa ake yi a unguwa, ana yi masa dariya. Ya gaji, ya ce wasan nan ba gwaninta a cikinsa, wanda ya zaɓi mai ƙarfi shi ke ci. Sai ya ji labarin wani mutum a Tudun Wadan Zariya da ke riƙe Gwaggo kuma ba a iya kayar da shi. Ya ce zai je ya gani da idonsa, in ƙarya ce ya kyautar da na'urarsa ya bar wasan har abada. Na san shi, in ya faɗa zai aikata, kuma na san wasan nan ne kaɗai abin da ke sa shi dariya bayan wahalar kasuwa.

A Kwanar Dangora muka tsaya muka karya da shayi da wainar ƙwai. Mai shayin ya faɗi kuɗin ƙwai, na tambaye shi ko kazar ma a ciki take. Gaba kaɗan, wajen Tashar Yari, masu gasa masara sun jeru a bakin titi, sabuwar masara mai taushi, kuma ta fi ta Kano araha nesa ba kusa ba. Na ci biyu ina tuƙi, abokina ya riƙe tasa har ta huce.

Mun shiga Zariya da hantsi ta Kwangila. Tudun Wada cike take da mutane, masu Keke na saƙa tsakanin motoci, ɗaliban jami'a na harabar Kongo na tsallaka titi da jakunkuna a baya kamar titin na gidansu ne. Mun yi tambaya, wani mai sayar da takalma ya kwatanta mana wani lungu da ke gangarawa wajen Tudun Jukun. Mutanen Zariya akwai ladabin kwatance, sai da ya rako mu har bakin kwana.

Shagon bai kai sunansa girma ba. Talabijin biyu, benci uku, fanka mai kuka, da janareto a waje. Mai shagon ya yi mana maraba, da ya ji daga Kano muke sai ya bayyana mana dokar wurin. A nan ba a cewa ka ci mutum sai an yi musaya. Idan kun gama karon farko, kai ka ɗauki mayaƙinsa shi ya ɗauki naka, a sake. Wanda ya ci duka biyun shi ne gwani. In kowa ya ci ɗaya, sai a ce mayaƙi ne ya ci, mutane kuwa canjaras suka yi. Ban taɓa jin irin wannan ba, kuma nan take na ga ta toshe bakin duk mai ƙorafi.

Bayan Azahar mutumin ya iso. Na zaci matashi zan gani mai askin zamani, sai ga dattijo-dattijo da furfura a gemu, da farar shadda da hula, ya jingine babur ya yi sallama. Malam kawai suke ce masa. Ya gaisa da kowa, ya zauna a gefen benci, aka miƙa masa abin dannawa.

Wani matashi daga unguwar Gyallesu ya ɗauki Basamude ya zauna kusa da shi. Jama'a, ni ba ɗan gem ba ne, amma abin da na gani ya sa tsigar jikina tashi. Basamude ya taso da naushin nan nasa, Gwaggo ta ja baya da ɗan taku, kamar faɗin yatsa, naushin ya wuce ta gaban hancinta. Kafin ya janye hannu ta ƙwala masa sanda a gwiwa ta koma ta tsaya. Ya sake, ta sake. Yatsun Malam da ƙyar suke motsi, fuskarsa kuwa kamar mai sauraron labarai a rediyo. Sau ɗaya naushin ya same ta, kusan rabin jininta ya zube, na zabura kamar kakata aka buga. Malam ko gezau, ya ci gaba da tsinke ƙaton nan kaɗan-kaɗan har ya kife. Aka yi musaya, Malam ya ɗauki Basamude, matashin bai ko numfasa ba aka gama da shi.

Na waiwaya na ga bakin abokina a buɗe, idonsa ya kawo ruwa. Ya matsa ya gaida Malam, ya gaya masa shi ma ɗan Gwaggo ne, kuma Basamude ya hana shi sakat.

"To bismilla, ɗauki Basamuden ka rama a kaina," in ji Malam.

Abokina ya ɗauka yana yatsina. Wallahi abin tausayi. Ƙaton da ake cewa shi ke cin wasa da kansa ya koma kamar buhun gero a hannunsa, yana naushin iska, Gwaggo na zagaya shi. Da aka yi musaya ma bai daɗe ba. Ya ajiye abin dannawa ya tambaya a hankali: "Malam, don Allah gaya mini gaskiya, ba Basamude ya fi ƙarfi ba?"

"Ya fi ta, nesa ma," in ji Malam. "In gwanaye biyu suka zo daidai, mai Basamude ne zai ci. Shi ya sa na ajiye Gwaggo na yi shekara guda ba na riƙe kowa sai shi, har na san inda hannunsa ke ƙarewa da lokacin da yake buɗe ƙirji. Kai tsanarsa ka yi, ba ka san shi ba."

Sai ya juya ga na gaba a layi. Mun zauna muna kallo har La'asar, ban ga wanda ya ci shi duka biyun ba. Mai shagon ya aika aka sayo mana ɗanwake mai zafi da yaji, ya kuma ƙi karɓar ko sisi, wai baƙi ne mu.

A hanyar dawowa hadari ya biyo mu tun daga Tashar Yari, ruwa ya sauko, na rage gudu. Wannan karon abokina ne mai surutu, yana ta kwatanta takun Gwaggo da hannu har ya kusa ture mini madubi. Mun shiga Kano ana kiran Magariba.

Abin da na taho da shi daga Tudun Wada shi ne, ƙarfin mayaƙi gaskiya ne, Malam da kansa bai musa ba. Amma yawancinmu ba ƙarfin ne ke kayar da mu ba, ƙin zama mu koyi abin da muka raina ne. Washegari da yamma na leƙa gidan abokina in ji ko har yanzu na'urar ta kyauta ce, don ni ma ina da 'ya'ya. Na tarar da shi a tabarma ya zaɓi Basamude, ya murtuke fuska kamar mai shan maɗaci, yana maimaita naushi ɗaya yana duba inda yake tsayawa. 'Yan unguwa biyu na bakin ƙofa suna tsokanarsa wai ya tuba ya bi ragwaye. Ko waiwayowa bai yi ba, sai ya ce mini in zauna in riƙe masa Gwaggo.