'Yar Nimsa ta Inna

Shekarar da na tare a Madina ban san kowa ba. Maigidana yana karatu a jami'a, in ya fita da safe sai la'asar. Mun kama ɗaki biyu a hawa na uku a unguwar Sultana, tagarmu tana kallon garejin gyaran mota. Haka nake yini ni kaɗai ina jin bugun ƙarfe.

Wata rana bayan azahar na ji ihu daga ƙofar da ke fuskantar tamu. Muryar tsohuwa ce: "Kai! Raga kuma?" Na ɗauka wani abu ne ya same ta, na yafa mayafi na je na ƙwanƙwasa. Ta buɗe, ko sunana ba ta tambaya ba, ta ce, "Shigo, ɗiyata, ja ƙofar. Yarinyar nan za ta kashe ni."

Yarinyar tana cikin talabijin. Wata siririyar Baturiya ce tana wasan tanis a kan jar ƙasa, gumi ya jiƙe mata riga. Ranar aka cinye ta. Tsohuwar ta kashe talabijin, ta dafa mana shayi da na'ana'a, sannan ta tambaye ni 'yar ina ce.

Inna nake ce mata. Mutuniyar Damagaram ce, ta daɗe a Madina tana kula da wata dattijuwa Balarabiya a unguwar Ƙiblatain, daga safe zuwa azahar. A rana ta biyu ta ba ni labarin yarinyar. Wani lokacin zafi iyalan dattijuwar suka tafi hutu Nimsa, yadda Larabawa ke kiran Ostiriya, suka tafi da Inna don tura uwarsu a keken guragu. Kusa da masaukinsu akwai tafki, a gefensa filin wasa mai shingen waya. Kullum da hantsi takan tsayar da keken a inuwa, su kalli wata 'yar budurwa tana buga ƙwallo da mahaifinta. Rannan ƙwallon ta tsallako shinge ta faɗo gaban Inna, ta ɗauka ta jefa mata. Daga nan kullum yarinyar sai ta ɗaga mata hannu. Bayan shekaru Inna ta gan ta a talabijin.

Na ce, "Inna, ta yaya kika san ita ce?"

Ta ce, "Kafin ta buga sai ta taɓa kunnenta. Wallahi ita ce, halas, magana ta ƙare."

Da na gaya wa maigidana dariya ya yi, ya ce Turawa masu taɓa kunne ai ba sa ƙirguwa. Ni ma ban taɓa sakankancewa ba. Amma ban sake tambayarta ba.

'Yar Nimsa ba ta cikin manyan 'yan wasa. Sau da yawa tun zagayen farko ake fitar da ita, ta ɗan fi taɓukawa in ana bibbiyu. Ba kasafai ake nuna ta ba, don haka ni ce mai duba waya in gano ranar wasanta. Ni na koyi yadda ake ƙirga maki daga bakin mai sharhi da Larabci. Inna ba ruwanta da wannan. Fuskar yarinyar take kallo, ta san ko ana nasara. In ta ga ta sunkuyar da kai sai ta matso gaban talabijin ta ce, "Yalla, ɗaga kanki, me aka yi?"

Sau ɗaya muka ga ta kayar da wata wadda ake tsoro. Inna ta rangaɗa guɗa har makanikai suka ɗago kai. Washegari ta yi dambu da zogale ta raba gidan sama da ƙasa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta hau da sauri tana tambayar wa ya haihu.

Shekara huɗu muka yi haka. Sai muka fara ganin 'yar Nimsa da ɗauri a gwiwa, ta ɓace wata da watanni, ta dawo, ta sake ɓacewa. Wata safiya ina wanke-wanke na gani a waya cewa ta daina wasa. Kwana uku na kasa faɗa. A rana ta huɗu muna tsince shinkafa na ce, "Inna, yarinyarki ta ajiye."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gwiwar ce?"

"Ita ce."

"Ta yi aure?"

"Ban sani ba, Inna."

Ta ture tsakuwa gefen faranti. Can ta ce, "Allah ya ba ta miji mai haƙuri. Ta sha gudu, baiwar Allah." Sai ta miƙe ƙafafunta tana matsa su, ta ce ita ma tura keken nan ya fara gagararta.

Da sanyi ya shigo dattijuwar Ƙiblatain ta rasu. 'Ya'yanta sun so Inna ta zauna, ta ce a'a, gida za ta. Ranar tafiyarta muka ci abinci a ƙasa cikin ɗakin da aka kwashe komai. Ta ba ni ƙaramin turminta da taɓarya. Lokacin cikina ya tsufa, ta hana ni sauka, ta ce matakalar nan ba ta mai ciki ba ce. Na tsaya a saman bene ina jin takunta, tana hutawa a kowane hawa.

Har yanzu takan aiko mini da saƙon murya. Na makon jiya duk a kan ruwan sama ne, wai ya yi gyara a Damagaram, kuma akuyarta ta haifi biyu.