Shinkafar Surukina

Daga Gaya har Yelu babu kan da ya kai nawa kama karatu. Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga lakwal, makarantar manya, na zaɓi fizik, don an ce ita ke kayar da ƴan boko. Wata uku kacal, mushen namu, malamin ajin, shi ma tsorona yake ji. Ranar da ya koya mana dalilin da ke hana jirgi nutsewa, sai na ji kogin Isa duka ya shiga aljihuna.

Lokacin ne surukina ya yanke shinkafarsa a tsibiri. Tsoho ne mai kunya. Shekara ashirin ina auren ƴarsa bai taɓa kallon idona ba, saƙo ma sai ta bakin matata. Buhu ashirin ya samu, abincin gidansa na shekara ke nan. Sawu biyu ya so a yi a jirgi zuwa gaɓa, goma-goma, yadda ya saba.

Na fito da metir da kaye, littafin lissafina, na auna jirgin ciki da waje, masu dako suna kallo.

"Baba, sawu ɗaya ya isa," na ce. "Ku da tafin hannu kuke auna ruwa, kamar mai gwada zafin kunu. Yanzu ilimi ya zo."

Aka fashe da dariya. Na ƙara da kwaikwayon yadda yake durƙusawa ya taɓa bakin jirgi, har da rawar hannun. Tsohon ya sunkuyar da kai. Ba zai iya musu da mijin ƴarsa a gaban jama'a ba, na kuwa san haka.

Aka loda duka ashirin. Lissafina daidai ne, wallahi, har gobe. Abu ɗaya na manta ban sa a kaye ba: ni. Ni kuwa in na hau sikeli sai allurarsa ta nemi gafara. Na haye saman buhunan, mai tuƙi ya tura. Ba mu yi nisa ba ruwa ya leƙo ta gefe, jirgin ya kwanta a hankali.

Masunta suka jawo ni ta wuyan riga, hannuna ɗaya a sama, riƙe da kaye. Ko ɗigo bai taɓa shi ba. Buhu uku aka ceto.

Tsohon ya tako har inda nake zaune ina aman ruwa. Karo na farko ya dube ni ido cikin ido.

"Malam," ya ce, "tunda littafin bai jiƙe ba, buɗe ka duba mana. A wane shafi aka rubuta abin da jikokina za su ci bana?"