Mijin da Inna Ta Ciro a Tsintsiya

'Yata ce ta tsinto shi a duwatsun bayan Bukuru, wani ƙwaro siriri, sak tsinke, sai dai yana da ƙafafu. Ta kawo shi gidanmu a Gangare cikin kwalba, tana ba shi ganyen gwaiba. Tun yana ɗan mitsitsi ya girma a nan shi kaɗai, murfi a rufe. Wallahi yarinyar nan ta fi gaishe shi da safe a kan ni ubanta.

Ashe mace ce! Ta zubar da ƙwai, bayan wasu watanni sai ga 'yan tsinkaye suna yawo a kwalba.

Inna, mahaifiyata, ta saka salati. "Ina uban 'ya'yan?"

Na ce, "Inna, irinsu haka Allah Ya yi su. Malamin su yarinyar nan ya ce macen tana iya haihuwa ba namiji."

"Kai, rufe min baki! Ko ƙuda da ƙazantarsa, bibbiyu nake ganinsu a kan faranti, ɗaya a bayan ɗaya. Ba su da kunya, amma dai an san uba."

Na ce ai na ƙuda tsutsa ce ke fitowa, ba ta ma kama da iyayenta, waɗannan kuwa uwarsu sak. Inna ta ce abin da ya ƙara tsorata ta ke nan. Ta yanke hukunci: gobe kaji za su karya da su.

'Yata ta rungume kwalba tana kuka har da shessheƙa, ta ƙi cin tuwo. Raina ya ɓaci sosai, amma wa ya isa ya ja da Inna? Na koma kan tabarma na kwanta.

Da safe Inna ta dubi kumburarrun idanun jikarta, ta yi tsaki. Ta jawo tsintsiya, ta zare tsinke ɗaya, ta buɗe kwalba ta jefa.

"Ga mijinta nan. An ɗaura, Allah Ya ba da zaman lafiya."

'Yata ta leƙa. "Kaka, ai ba ya motsi."

"Ba ya motsi, ba ya cefane, ba ya magana. To sai me? A dai ce akwai shi a gidan."

Ina kishingiɗe da rediyo a kunne, sai na ga matata ta daina wanke-wanke tana kallona. Inna ma ni take kallo. Na miƙe na ɗauki jakar cefane, ba wanda ya aike ni.